Allon Shan Mai da Makunnin Totur: A Auna Kafin a Sayi Kaya

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, koke ɗaya ne ya fi yawa a garejojin Dutse: "Maigida, motar nan tana shan mai." Litar da ake saye ƙasa da naira 200 a farashin hukuma ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000 a gidajen mai da yawa. Direban hayar da ke jigila tsakanin Dutse da Kano, da ma'aikacin da ke shigowa sakatariya daga Kiyawa ko Jahun, da ɗan kasuwar da ke bin Shuwarin da Birnin Kudu, duk sun koma sa ido a kan dashbod. Allon nan da ke nuna yawan man da mota ke sha, wanda a da ba mai kula shi, ya zama abin dubawa safe da yamma.

Lissafin ba shi da wuya. A ce mota ta kamata ta sha lita 9 a kilomita 100, sai ga ta tana shan 11. Idan mai ita yana yin kilomita 200 a rana, lita 4 ke salwanta, wato naira 4,000 in ana sayar da lita 1,000. A wata guda kuɗin ya isa cefanen gida mai iyali. Saboda haka neman dalilin shan mai ya zama neman halak ɗin mutum.

Sai dai hanyar da aka fi bi wajen neman dalilin ita ce canje-canje bisa zato. A sauya fulogi, a wanke nozul, a sauya famfon mai, in duk ba a dace ba a ce biren bos ne, wato kwamfutar mota. Kuɗi su tafi, matsala na nan. Ra'ayina shi ne akasarin wannan asara za a kauce mata idan direba da bakanike suka fahimci abu biyu: yadda allon shan mai ke samo lambar da yake nunawa, da aikin wani ɗan ƙaramin makunni da ke manne a bakin injekta, wanda ke gaya wa kwamfutar mota ko ƙafar direba na kan totur ko ya ɗage ta. Abubuwan nan biyu a haɗe suke, kuma ɗaya na tona asirin ɗaya.

Motocin da muke hawa

Jihar Jigawa an ƙirƙiro ta ranar 27 ga Agusta, 1991, kuma da yawa daga motocin da ke ɗaukar jama'arta sa'anninta ne ko ƙannenta na kusa: Golf 3, Sharan, Vectra, tsofaffin Corolla da Camry da Accord, da Marsandi 190 da Bi-but da suka rage a hannun masu riƙo. Yawancinsu sun gama rayuwa guda a Turai ko Amurka kafin su iso mu ta Kwatano ko Legas. Suna da kwamfuta, amma ta farkon zamani, wadda ba ta iya bayyana ciwonta dalla-dalla.

A nan ne gizo ke saƙar. Manyan kanikawanmu sun ƙware ne a kan kafireta, zamanin Peugeot 504 da masana'antar Kaduna ta fara haɗawa a 1975. A kafireta, kunne da sukudireba sun wadatar. Matasan da ke yawo da na'urar sikana kuwa sun saba da motocin da ke da soket ɗin bincike mai ƙafa 16, wanda ya zama dole a Amurka daga 1996, a Turai kuma daga 2001 ga motocin fetur. Motar da ta faɗo tsakanin zamunnan biyu, kunne bai isa ya gane ta ba, sikana kuma sau da yawa ba ta shiga. Abin da take bukata shi ne mitar awon wuta da sanin inda za a ɗora ta.

Allon ba ya auna mai

Abu na farko da ya kamata kowa ya riƙe shi ne babu wani mudu a cikin bututun mai da ke ƙirga abin da ya wuce. Allon ƙiyasi yake yi, kuma hanyoyin ƙiyasin iri biyu ne.

Na farko shi ne na iska. A Marsandi 190 da Bi-but da yawa akwai wata 'yar allura a dashbod da ke tafiya daga baƙi zuwa ja. Siririn tiyo ne ya taso daga hanyar iskar inji ya zo bayan mita. Idan totur a rufe yake, inji na zuƙar iska da ƙyar, zuƙar tana da ƙarfi, allura ta tsaya a baƙi. Idan aka taka, hanya ta buɗe, zuƙar ta ragu, allura ta tafi ja. Wannan allura ba ta san lita ba, ba ta san kilomita ba, nauyin da ke kan inji kawai take nunawa. In ta kwanta a ja alhali mota na tsaye tana sulo, a fara duba tiyon. Zafin Afrilu da Mayu a ƙasarmu na busar da roba ta tsage. Tsagewar kuma ba allura kaɗai take ruɗawa ba, iskar da kwamfuta ba ta ƙirga ba tana shiga inji ta nan, sulo ya lalace.

Na biyu shi ne na lissafin kwamfuta, irin na BMW mai allura ƙarƙashin mitar juyin inji, da wasu Golf 3 da Sharan da Peugeot 406 masu nuna lamba. Kwamfuta ta san tsawon lokacin da ta umarci kowane nozul ya buɗe, ta san adadin man da nozul na asali ke fesawa a wannan lokaci, sai ta raba jimillar da nisan da na'urar gudu ta gaya mata an yi. Kamar mai shago ne da ke rubuta mudu nawa ya ce yaronsa ya auna, ba tare da ya je ya ga abin da aka zuba a buhu ba. Idan mudun ya canza, ko buhun na yoyo, littafinsa ba zai nuna ba.

Daga nan za a gane dalilan da ke sa allo ya saɓa wa aljihu. Idan tiyon mai na ɗiga a ƙarƙashin mota, ko nozul na zubar da mai bayan ya rufe, allo ba shi da labari. Idan an sa nozul na wata mota mai faɗin baki, ko na'urar daidaita ƙarfin mai ta lalace ƙarfin ya yi yawa, man da ke shiga ya fi wanda aka rubuta, har ma allo ya riƙa nuna mota na tattali alhali tanki na ƙarewa. Idan an ɗora inji ko kwamfuta ko mitar dashbod daga wani samfurin, lissafin ya tashi daga na motar. Taya ma na da hannu: wanda ya cire 195/65 R15 ya sa 205/70 R15 don ramukan hanya ya ƙara girman taya da kusan kashi 5 cikin 100, mota za ta riƙa yin tafiyar da ta fi wadda take ƙirgawa, allo ya ɗora mata laifin shan man da ba ta sha ba. Motar da aka mayar mai amfani da iskar gas kuwa, lambar fetur da allonta ke nunawa lokacin da take kan gas ba abin dogaro ba ce.

Akwai kuma ruɗanin ma'auni. Motar Turai na nuna lita a kilomita 100, inda ƙaramar lamba ita ce alheri. Ta Amurka na nuna mil nawa galan ɗaya zai kai, inda babbar lamba ita ce alheri. Galan ɗin Amurka lita 3.785 ne, na Ingila 4.546, mil kuma kilomita 1.609. Wanda motarsa ta Amurka ta nuna 30, ya raba 235 da 30, zai sami kusan lita 7.8 a kilomita 100. Sannan a bambanta lambar nan-take, mai hawa da sauka da motsin ƙafa, da matsakaiciyar lamba da ke tara lissafi tun ranar da aka share ta. Mutum na iya gyara motarsa sarai ya ci gaba da ganin tsohuwar lamba, don kawai bai share matsakaicin ba.

Alƙalin da ba ya ƙarya shi ne gwajin tanki. A cika har famfo ya katse, a rubuta kilomita, a yi tafiya mai ɗan nisa, a dawo famfon nan dai a sake cikawa. A raba litar da ta shiga da kilomitar da aka yi, a ninka da 100. Lita 20 a kilomita 200 na nufin 10. In ana shakkar mitar nisa, a gwada ta da taswirar wayar hannu. Man galan na 'yan bumburutu ba ya shiga wannan gwaji, don ba a da tabbacin awonsa. A maimaita sau biyu ko uku. Idan tanki ya ce lafiya, allo ya ce akwai matsala, allon za a bincika. Idan duka biyun sun ce mota na shan mai, sai a buɗe bonet.

Ɗan makunnin da ke bakin injekta

Idan direba ya taka totur, waya na jan wani faifai a bakin injekta, wanda kanikawa ke kira batafilai, iska ta shiga. Kwamfuta na ƙoƙarin haɗa kusan kashi 14.7 na iska da kashi 1 na fetur a bisa nauyi. A ƙarshen sandar faifan nan ake ɗaura na'urar da ke ba ta labarin ƙafar direba.

A tsofaffin tsarin Bosch, L-Jetronic na shekarun 1970 da Motronic da ya biyo baya daga 1979, na'urar makunni ce zalla mai ƙafa uku, galibi da lambobi 2 da 18 da 3. Idan totur na rufe, 2 da 18 na haɗuwa, ma'ana an ɗage ƙafa. Idan an taka har ƙasa, 3 da 18 na haɗuwa, ma'ana ana neman cikakken ƙarfi. A tsakani babu abin da ke haɗe. Daga baya aka koma na'ura mai ƙafa uku da ke aiki da bolt 5: tana mayar wa kwamfuta kusan bolt 0.5 idan totur na rufe, ta hau a hankali zuwa kusan 4.5 idan ya buɗe duka. Wannan ita ake kira TPS a gareji. Toyota ta shekarun 1990 ta haɗa biyun a na'ura ɗaya mai ƙafa huɗu, VC da VTA da IDL da E2, inda IDL ke matsayin makunnin sulo. A Golf 3 mai nozul ɗaya a sama, makunnin sulo na kan bakin 'yar motar da ke tura hannun totur, ba a jikin sandar faifan ba, kuma rashin sanin haka ya sa an cire injekta mai lafiya daga motoci da dama an ɗora kafireta.

Labarin "an ɗage ƙafa" yana sa kwamfuta yin abu biyu. Idan mota na tsaye, ta karɓi ragamar sulo, ta riƙe juyin inji daidai ko an kunna na'urar sanyaya ɗaki ko fitilu. Idan kuma mota na gudu cikin giya, inji ya yi zafi, juyinsa na sama da wani mataki da ya danganta da samfuri, yawanci tsakanin 1,200 da 1,500, sai ta rufe nozul gaba ɗaya. Tayoyi ne ke juya inji a lokacin, ko ɗigo ba ya ƙonewa, har sai juyin ya sauko ta sake sakin mai.

Wannan ya taɓa wata al'ada ta direbobinmu, wato jefa mota firi a gangare ko in an hango shingen bincike. A motar kafireta akwai ɗan abin da ake ragewa. A motar injekta mai lafiya, firi na cin man sulo, barin ta cikin giya kuwa ba ya cin komai, ga shi inji na taimaka wa birki. A titin Kano zuwa Maiduguri da ya ratsa Wudil da Shuwarin, inda tireloli da dabbobi da masu babur ke cuɗanya, wannan taimako na iya zama tsakanin rai da ajali.

Yadda lalacewar ke bayyana

Idan makunnin sulo ya daina haɗuwa, kwamfuta na zaton ƙafa na kan totur kullum. Sulo ya yi sama ko ya riƙa rawa, mota ta mutu a mahaɗar hanya, kuma ba a yanke mai a gangare. Wannan ɓarna a ɓoye take, don mota na tafiya lafiya a kan titi, aljihu ne kawai ke ji.

Idan ya manne a haɗe, kwamfuta na zaton an ɗage ƙafa alhali ana takawa. Juyin inji ya hau, ya kai matakin yanke mai, a yanke, ya faɗo, a saki, ya sake hawa. Direba zai ce mota na fizga ko tana numfashi. Sau da yawa famfon mai ake ɗora wa laifin.

Idan ɓangaren cikakken ƙarfi ne ya manne, kwamfuta na ƙara mai ba dalili, ta yi watsi da na'urar da ke shinshinar hayaƙi a salansa. Baƙin hayaƙi, fulogi mai kunkunniya, warin ɗanyen fetur. In kuma ba ya haɗuwa sam, mota na sanyin jiki lokacin wuce tirela. A na'ura mai hawa a hankali, wurin da ya fi cinyewa shi ne daidai inda ƙafa ta fi zama a doguwar tafiya, sai mota ta riƙa shaƙewa a gudu ɗaya tak. A mota mai giyar otomatik, wannan labari ne ke taimakawa wajen zaɓar lokacin canza giya, shi ya sa wani kan sauke giyabos alhali ciwon na bakin injekta.

A nan allon shan mai ke zama kayan aiki. A sami miƙaƙƙen titi mara cunkoso, inji ya yi zafi, a sa allo kan lambar nan-take, wani na gefe ya riƙa kallo don idon direba ya zauna a hanya. Cikin giya ta huɗu, juyin inji wajen 2,500, a ɗage ƙafa gaba ɗaya. Cikin daƙiƙa kaɗan lambar ta faɗi zuwa sifili a motar Turai, ko ta tashi zuwa ƙarshen ma'auni a ta Amurka. In ta yi haka, kwamfuta na jin makunnin sulo. In ta tsaya a tsakiya, ko dai labarin ba ya isa gare ta, ko tana zaton inji bai yi zafi ba. Gwajin ba ya cin ko sisi, kuma ya rage fagen bincike da rabi.

Bincike daki-daki

A fara da abin da ido ke gani. Shin faifan na komawa ya zauna a mazauninsa? Tabarmar ƙasa na iya tokare feda. Wayar totur da aka ɗaure tamau ba ta barin faifai ya rufe, dole a bar mata ɗan sassauci. Ƙurar hunturu, in ta haɗu da tururin baƙin mai, tana yin dauɗa mai kauri a gefen faifan, musamman a motar da matatar iskarta ta yage ko aka yi ta bugewa ana mayarwa. A wanke bakin injekta da maganin wankinsa da tsumma, amma kada a fesa shi cikin na'urar.

Sai babban abin da ya fi ɓata motocin nan a wurinmu. Akwai ɗan sukurun da faifai ke jingina da shi, wanda masana'anta ta saita, sau da yawa har da ɗigon fenti a kansa. Wanda ya saba da kafireta, in sulo ya yi ƙasa, nan yake kai sukudireba. Sulo ya ɗaga, mai mota ya biya ya tafi da murna, amma faifan ya daina kaiwa inda zai taɓa makunni. Daga ranar an daina yanke mai, kwamfuta ta daina riƙe sulo. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Duk motar da fentin sukurunta ya fashe, a fara zarginta daga nan.

Bayan haka a saurara. A makunni irin na Bosch, inji a kashe, in aka motsa hannun totur kaɗan za a ji ƙas, in aka saki a sake ji. Jin ƙarar bai wadatar ba, don ƙarfen ciki na iya yin tsatsa. A kashe makulli, a zare soket, a sa mita a awon haɗuwar waya. Tsakanin 2 da 18 a sami haɗuwa in totur na rufe, ta katse da zarar an taɓa shi. Tsakanin 3 da 18 a sami haɗuwa dab da buɗewa duka. A Toyota, IDL da E2 ake aunawa, ana zura siririn ƙarfen awon tazara tsakanin sukuru da hannun totur, kaurinsa kuma ya danganta da injin, sai a nemi na wannan samfurin. In saiti ne ya goce, a sassauta sukurori biyun da ke riƙe da na'urar, a juya ta kaɗan har awo ya daidaita, a ɗaure, a sake aunawa.

Na'ura mai hawa a hankali ana auna ta soket na jiki, makulli a buɗe, inji a kashe. A tabbatar bolt 5 na zuwa, a tabbatar wayar ƙasa na da kyau, sannan a buɗe totur sannu a hankali ana kallon wayar labari. Hawan ya zama santsi, ba tsalle ba faɗuwa. Tsohuwar mita mai allura ta fi mai lamba kama ɗan katsewar nan. A shigar da tsinken mita ta bayan soket, kada a huda rigar waya, don hujin ne ruwan damina zai bi.

In na'ura ta ci jarrabawa, saura waya. A maimaita awon a soket ɗin kwamfuta ana girgiza damin wayoyin. Zafi na sa rigar waya ta farfashe, ɓera na ci, ruwan matsi na masu wankin mota na shiga soket ya bar kore-kore a ƙafafunsa. Na'ura sabuwa fil a kan ruɓaɓɓiyar waya ba za ta canza komai ba.

Tsofaffin motocin ma suna magana in an san yadda ake tambayarsu. A Toyota kafin soket mai ƙafa 16, haɗa TE1 da E1 na sa wutar cek ta riƙa ƙiftawa: 41 na nufin na'urar totur, 51 na nuni ga labarin makunnai, har da na sulo. A Honda ta wannan zamani ana haɗa soket mai ƙafa biyu, ƙiftawa 7 ita ce ta totur. A masu karɓar sikana, lambobin P0120 zuwa P0124 ne. Sai dai lambar da'ira take nunawa, ba ta ce na'urar ce ta mutu ba. Kuma a karanta kafin a cire kan batir, don cirewar na share shaidar. Wanda ya cire ƙwan wutar cek don ta daina damunsa ya toshe bakin mai ba shi labari ne. Motocin da totur ɗinsu na lantarki ne, kamar Camry daga 2002, ba a juya na'urarsu da hannu, kuma bayan wanki wasu na bukatar a sake koya wa kwamfuta mazaunin faifan.

Sauran waɗanda ake zargi

Adalci ne a faɗa cewa ba kowane shan mai ne laifin totur ba. Na gaba a layi shi ne cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye, al'adar da ta game ƙasar nan bisa hujjar cewa an yi su ne don ƙasashen sanyi. An ƙera inji ya yi aiki a wajen digiri 90, tamostat ne ke kai shi can da wuri ya riƙe shi. In babu shi, musamman da asubahin hunturu, inji na daɗewa bai yi zafi ba, kwamfuta na ƙara mai, a motoci da yawa kuma ba ta yanke shi a gangare. Gwajin titin nan zai faɗi alhali makunni lafiya lau. Motar da ke zafi, lagiretonta da famfon ruwa da fanka za a gyara. Haka ma na'urar da ke gaya wa kwamfuta zafin ruwa, in ta lalace sakamakon ɗaya ne.

Sai na'urar hayaƙi da ke salansa, wadda kan mutu ko a yanke wayarta lokacin da aka fasa tukunyar tace hayaƙi da ake kira indomi. Sai na'urar daidaita ƙarfin mai: a zare siririn tiyon da ke kanta, in an ga fetur a ciki, fatarta ta fashe, a yi wannan nesa da wuta da taba. Sai iskar taya da ta yi ƙasa, birki mai kamawa, da lodin da ya wuce kima. Ingancin man kansa na da tasiri, kamar yadda aka gani a Fabrairun 2022, lokacin da fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi daga Beljiyam ya lalata motoci a wasu biranen ƙasar nan. In allon ne ya mutu ɗungurungum tare da mitar gudu, na'urar gudu ko wayarta za a nema, lambarta a sikana P0500.

Abin da ya rage gare mu

In awo ya tabbatar na'urar ta mutu, sai a saya, a Dutse ko a Kofar Ruwa ta Kano. A tafi da tsohuwar, a dace da lambar da ke jikinta, don biyu na iya kama da juna a ido alhali ɗaya na juyawa dama ɗaya hagu. In ta Kwatano ce, a ɗora mata mita a gaban mai shago kafin a biya. Bayan ɗaurawa a saita, a share matsakaicin allo, a maimaita gwajin titi da na tanki. Aiki bai ƙare ba sai lambobin nan sun canza.

Ga mai mota, shawarata ita ce ya riƙe ɗan littafi a mota yana rubuta lita da kilomita, kuma in an ce masa a sayi wani abu, ya tambaya cikin ladabi: "Maigida, me awo ya nuna?" Ya kuma yarda ya biya kuɗin bincike ko da ba a canza komai ba. Muddin bakanike ba ya samun ladan gano ciwo sai na ɗaura kaya, kaya zai ci gaba da ɗaurawa.

Ga iyayen gidan gareji, mitar awon wuta ba ta kai kuɗin rabin tankin mai ba, kuma yaron da ya iya haɗa giyabos zai iya koyon ta cikin mako guda. Ƙungiyar kanikawa ta NATA, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, da cibiyoyin koyar da sana'a na gwamnati, za su yi wa jama'a babban aiki in suka shirya gajerun darussa da Hausa kan wutar motocin shekarun 1990 da farkon 2000, a cikin gareji, da mota a gaba. Motocin nan ba yau za su bar titunanmu ba, don masu su ba su da halin sauya su. Abin da ke hannunmu shi ne mu sa su sha iya man da aka ƙera su su sha, kuma hanyar hakan ta fara ne daga cika tanki a rubuta, a ɗage ƙafa a duba allo, a ɗora mita a kan makunni, sannan a yi maganar kasuwa.